Haɗa Steam, Epic, GOG da Sauran Kantunan Wasannin Kwamfuta Wuri Guda: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ɗan jima yana buga gem a kwamfuta ya san wannan ciwon kan: wasa ɗaya yana Steam, wani an same shi kyauta a Epic, na ƙwallo yana neman manhajar EA, kowanne da asusunsa da kalmar sirrinsa da sabuntawarsa mai cin data. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu son tattara wasanninsu a wuri ɗaya. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi.

Me ake nufi da haɗa kantunan wasanni wuri guda?

Ana nufin ka ɗora manhaja ɗaya wadda za ta leƙa asusunka na Steam da Epic da GOG da sauransu, ta kwaso sunayen duk wasannin da kake da su, ta jera maka su a allo ɗaya da hotunansu da bayanansu. Daga nan kake nemo wasa, daga nan kake danna shi ya buɗe, kuma a nan kake ganin awa nawa ka ɓata a kan kowanne. Fitattun manhajojin da ke wannan aiki su ne Playnite, GOG Galaxy, Heroic da Lutris.

Abin da ya kamata mutum ya gane tun daga farko shi ne, jerin sunaye kawai ake haɗawa, ba a haɗa mallaka. Kamar mutum ne ya ajiye kaya a shaguna biyar a kasuwa, sai ya sayi littafi ɗaya ya rubuta abin da ke kowane shago. Littafin zai sauƙaƙa masa tunawa, amma makullin kowane shago yana hannun mai shagon. Yawancin tambayoyin da ke biye daga wannan gaɓar suke fitowa.

Me ya sa tun asali kantunan suka yi yawa haka?

Kuɗi ne. Kamfanin Valve na Amurka ya buɗe Steam a 2003, kuma a 2004 ya wajabta shi ga duk mai son buga Half-Life 2. Mutane sun yi ƙorafi sosai a lokacin, amma cikin 'yan shekaru Steam ya zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta, yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane wasa da aka sayar. Manyan kamfanoni masu wasannin da ake rububi suka ga ba dalilin da zai sa su riƙa ba wani wannan kason. EA ta buɗe Origin a 2011 ta daina kai sabbin manyan wasanninta Steam. Ubisoft ta fito da Uplay, wanda ta mayar da shi Ubisoft Connect a 2020. Blizzard dama tana da Battle.net tun zamanin Diablo na farko. Rockstar ma ta fito da tata manhajar a 2019.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Epic Games Store, da ya buɗe a Disamba 2018 yana karɓar kashi 12 kacal. Da kuɗin da Fortnite ya tara masa, Epic ya riƙa biyan kamfanoni domin su sayar da wasanninsu a wurinsa shi kaɗai na wani lokaci. A farkon 2019, ana saura makonni kaɗan Metro Exodus ya fito, aka janye shi daga Steam na shekara guda, bayan mutane sun riga sun fara saye tun kafin fitowarsa. Har yau akwai 'yan wasan da ba su huce da wannan ba. A ƙarshen 2018 ne Valve ta rage nata kason ga manyan wasanni: kashi 25 idan cinikin wasa ya haura dala miliyan 10, kashi 20 idan ya haura miliyan 50.

GOG daban yake a cikinsu. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ne ya kafa shi a 2008 da sunan Good Old Games, domin farfaɗo da tsofaffin wasanni, kuma ya tsaya a kan cewa ba zai sa wa wasanninsa makullin DRM ba, wato tsarin da ke hana wasa buɗewa sai an tabbatar da lasisin mai shi. Muhimmancin wannan yana cikin amsar tambayar mallaka da ta data a ƙasa.

Idan na ɗora manhajar haɗawa, zan iya goge Steam da Epic daga kwamfutata?

A mafi yawan lokuta, a'a. Idan ka danna wasan Steam a cikin Playnite ko GOG Galaxy, abin da ke faruwa shi ne manhajar ta tashi Steam a bayan fage, Steam ya tabbatar da cewa kana da lasisi, sannan wasan ya buɗe. Saukewa da sabuntawa ma Steam ne ke yinsu. Haka abin yake ga EA da Ubisoft da Battle.net.

Akwai wurare biyu da ake samun 'yanci na gaske. Wasannin GOG ba sa buƙatar kowace manhaja kafin su buɗe. Sannan Heroic tana maye gurbin manhajar Epic gaba ɗaya, ita ke saukewa da sabuntawa da buɗewa, kamar yadda aka yi bayani a ƙasa a tambayar Linux, wani tsarin kwamfuta madadin Windows. Abin da Playnite ke iya yi maka a sauran shi ne ta rufe manhajar kantin da kanta da zarar ka fita daga wasan, don kada ta zauna tana cin memori.

Ina amfani da Windows. Wace manhaja ya kamata in fara da ita?

Playnite, ba tare da wani dogon tunani ba. Kyauta ce, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa ya duba, kuma ba ta da wani kanti da take son tura ka ka yi sayayya. Wani mai shirya manhaja, Josef Nemec, shi ya fara ta, jama'a kuma suna ƙara mata kayan aiki. Tana karanta Steam, Epic, GOG, EA, Ubisoft Connect, Battle.net, Xbox, Amazon, itch.io da Humble, kuma tana nuna har wasannin da ka mallaka amma ba ka sauke ba. Wannan na ƙarshen yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin mutane da yawa sun taɓa sayen wasa a rangwamen Steam alhali yana zaune a asusunsu na Epic tun shekarun baya da aka raba shi kyauta.

Tana da fuska biyu: ta tebur mai amfani da linzami, da mai cika allo wadda ake sarrafawa da kontirola, ga wanda ya jona kwamfutarsa da talabijin. Tana kuma jera tsofaffin wasannin PlayStation da Nintendo da ake bugawa ta manhajojin kwaikwayo. Bayanan laburarenka a kwamfutarka suke zama, ba a sabar wani kamfani ba, har ma kana iya ajiye ta a filas ka tafi da ita.

Aibinta shi ne tana son a ɗan zauna mata. Ranar farko sai ka shiga asusu ɗaya bayan ɗaya, ka jira ta sauko da hotuna, kuma idan kana da wasa ɗaya a kantuna biyu za ta nuna shi sau biyu har sai ka ƙara mata abin ɓoye maimaici. Wani lokacin ma kanti kan canza tsarin shiga asusunsa, haɗin ya tsinke har sai an gyara. Duk da haka ban ga wadda ta kama ƙafarta a Windows ba.

GOG Galaxy fa? Na ji an ce ita ce aka yi musamman don wannan aikin.

Gaskiya ne. A 2019 GOG ta sanar da Galaxy 2.0 da alƙawarin tara duk wasanni da duk abokai a wuri ɗaya, har da na PlayStation da Xbox. Fuskarta kyakkyawa ce, kuma ta fi Playnite sauƙin farawa. Microsoft ta ba ta haɗi na hukuma da Xbox, Epic ma ya bi sahu a 2020.

Matsalar tana wajen sauran. Haɗin Steam da na PlayStation da na Ubisoft da EA duk 'yan sa-kai ne suka rubuta su, ba kamfanonin ba. Duk lokacin da Steam ya sauya wani abu, haɗin kan lalace, kuma gyaransa kan ɗauki lokaci. Tunda Steam ne ke riƙe da yawancin wasannin yawancin mutane, wannan ba ƙaramar tawaya ba ce. Idan galibin wasanninka na GOG da Epic ne, Galaxy za ta wadatar da kai. Idan na Steam ne, koma ga amsar da ta gabata.

Steam kansa ba zai iya wannan aikin ba? Ko manhajar Xbox?

Steam yana da wurin ƙara wasan da ba nasa ba: ka nuna masa fayil ɗin da ke buɗe wasan, ya sa shi cikin jerinka. Amfaninsa shi ne wasan zai samu tsarin kontirola na Steam, wanda yake da kyau ƙwarai. Amma da hannu ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma bai san abin da ka mallaka a wani kanti ba.

Manhajar Xbox ta Windows ta fara nuna wasannin Steam da Battle.net da wasu kantuna a 2025, lokacin da Microsoft da Asus ke shirin fitar da na'urar hannu ta ROG Xbox Ally. Wasannin da ka riga ka sauke a kwamfutar take nunawa. Ga wanda ba ya son ɗora wani sabon abu, ba laifi.

Na sayi wasa a Steam, amma da na danna sai wata manhajar ta buɗe tana neman wani asusu. Me ya sa?

Saboda kamfanonin da suka bar Steam sun dawo, amma sun dawo da manhajojinsu ko asusunsu a hammata. EA ta dawo a ƙarshen 2019 da Star Wars Jedi: Fallen Order. Call of Duty ya dawo a 2022, Ubisoft ma ta dawo a ƙarshen shekarar da Assassin's Creed Valhalla, sai Blizzard ta kawo Overwatch 2 da Diablo IV a 2023. Sun gano cewa masu saye suna Steam, amma ba sa son rasa hulɗa kai tsaye da ɗan wasa. Shi ya sa idan ka sayi EA Sports FC a Steam sai ka buɗe asusun EA, idan ka karɓi GTA V a Epic sai manhajar Rockstar ta tashi.

Babu manhajar haɗawa da ke iya cire wannan matakin. Idan ka danna irin wannan wasa daga Playnite, manhajoji uku ne za su tashi a jere kafin ka ga filin ƙwallo. Abin lura mafi muhimmanci: ranar farko da ka haɗa asusun Steam da na EA ko Ubisoft, ka tabbata asusunka ne na dindindin da imel ɗin da kake iya shiga. Wasan yana manne wa asusun da aka fara haɗawa, kuma warware shi daga baya sai an bi ta sashen taimakon kamfanin, aiki ne mai cin rai.

Zan iya mayar da wasan da na saya a Epic zuwa Steam, ko akasin haka?

Ba za ka iya ba. Lasisin na kantin da ya sayar maka ne. Ƙarin wasa, wato sabon sashen da ake saye daban a ɗora a kan asalin wasan, shi ma haka: idan asalin wasan na Epic ne, ƙarin da ka saya a Steam ba zai yi aiki da shi ba. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan, musamman waɗanda suka samu asalin wasan kyauta sannan suka ga ƙarinsa da araha a wani kantin.

An taɓa samun keɓantattu. A 2016 GOG ta fito da GOG Connect, inda take ba ka kwafin wasu wasannin da ka mallaka a Steam kyauta, amma wasannin kaɗan ne kuma daga baya aka rufe shirin. A 2022 Bethesda ta rufe tata manhajar ta bar mutane su kwashe wasanninsu zuwa Steam. Duka biyun kamfanin ne ya ga dama, ba haƙƙin mai saye ba ne. Idan ba ka daɗe da saye a kantin da ba shi kake so ba, mafita ita ce mayar da kuɗi: Steam da Epic suna mayarwa cikin kwana 14 muddin ba ka buga fiye da awa 2 ba, GOG kuma tana ba da kwana 30.

To wasan da na biya kuɗi na saya, nawa ne ko ba nawa ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ina ganin ta fi batun jera hotuna a allo ɗaya muhimmanci nesa ba kusa ba. A bisa yarjejeniyar da kowa ke danna amincewa ba tare da ya karanta ba, izinin buga wasa ka saya, ba wasan ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa kantuna su faɗi hakan ƙarara, kuma tun Oktoban shekarar Steam ke rubuta wa mai saye a wurin biya cewa lasisi yake saya.

Misalin da ya buɗe wa mutane ido shi ne The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft. An daina sayar da shi a Disamba 2023, aka kashe sabobinsa a ƙarshen Maris 2024, kuma tunda ba ya buɗewa sai da intanet, duk wanda ya saya ya rasa shi ɗungurum. Daga nan Ross Scott, wani mai yin bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Playnite za ta ci gaba da nuna maka hoton irin wannan wasa a jerinka, amma ba za ta iya buɗe shi ba.

A GOG ma a rubuce lasisi ne, sai dai akwai bambanci a aikace: suna ba ka fayil ɗin girka wasan gaba ɗaya ka sauke ka adana. Da zarar ya shiga ma'ajiyarka, ko an rufe asusunka ko kantin ya daina aiki, wasan zai girku ya buɗe. Don haka idan wasa na mutum ɗaya ne, kana son ka riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, kuma akwai shi a GOG, shawarata ka saya a can ko da ya ɗan fi tsada.

Ba haɗari ba ne in shigar da asusuna cikin wata manhaja?

Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata a yi wasa da ita ba. Playnite da Heroic suna buɗe maka shafin shiga na ainihin kantin, su adana shaidar shigar a kwamfutarka. Tunda lambobinsu a buɗe suke, masana na iya duba abin da suke yi da bayananka. Haɗarin ya fi zuwa daga kwafin bogi. Ka sauke su daga shafinsu na asali kawai, kada ka karɓa daga wani zauren Telegram ko WhatsApp, kuma kada ka ɗora ƙarin kayan aikin da ba ka san tushensa ba.

Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane asusu: Steam Guard a waya, da makamancinsa a Epic da EA da Ubisoft. Kada kalmar sirri ɗaya ta zama ta duka. Kuma kada ka haɗa asusunka a kwamfutar gidan gem ko ta shagon intanet, domin shaidar shigar za ta zauna a can bayan ka tafi.

Data tana da tsada, wuta kuma ba tabbas. Haɗawar za ta rage mini wahala ko ƙarawa za ta yi?

Ita kanta manhajar haɗawar ba ta cin data sosai, ban da ranar farko da take sauko da hotuna. Masu cin datar su ne manhajojin kantuna da ke tashi tare da Windows su fara sabunta wasanni ba tare da sun tambaye ka ba, kuma sabuntawa ɗaya ta babban wasa kan kai gigabait goma ko fiye. Amfanin Playnite a nan shi ne tana ba ka damar hana dukansu tashi da kansu, kowacce sai lokacin da ake buƙatarta. Ka shiga saitin kowane kanti ka kashe tashi tare da Windows, ka kuma taƙaita sabuntawa. A Steam kana iya cewa kada a sabunta wasa sai ranar da za ka buɗe shi, ko ka ware sa'o'in dare idan kana sayen datar dare.

Don buga wasa babu intanet, Steam yana da yanayin aiki ba tare da layi ba, amma sai ka taɓa shiga ka buɗe wasan sau ɗaya da intanet tukuna. Wasannin EA da Ubisoft da masu makullin Denuvo kan nemi a sake tabbatar da su lokaci zuwa lokaci. Na GOG ba ruwansu da wannan. Sannan idan ku biyu ne a gida ɗaya kowa ya mallaki wasa iri ɗaya a Steam, tun 2023 yana iya kwafo fayilolin daga kwamfutar ɗaya zuwa ɗayar ta hanyar waya-fai na gida, ba sai an sauke sau biyu ba.

Ina da Linux ko Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve. Me zan yi amfani da shi?

Heroic don Epic da GOG da wasannin Amazon. Ba ta buƙatar manhajojin waɗannan kantunan, domin tana amfani da wasu ƙananan manhajoji buɗaɗɗu, Legendary don Epic, gogdl don GOG, Nile don Amazon, ta kuma gudanar da wasannin Windows ta hanyar manhajojin da ke sa su aiki a Linux, wato Wine ko kuma Proton da Valve ta fitar a 2018. Tana iya ƙara wasan cikin jerin Steam, don haka a Steam Deck za ka gan shi tare da sauran. Tana aiki a Windows da Mac ma, ga wanda manhajar Epic ta yi wa kwamfutarsa nauyi. Lutris ta fi faɗi, tana ɗaukar Battle.net da EA da Ubisoft da tsofaffin wasanni, amma ta fi buƙatar haƙuri.

Iyakar abin ita ce manhajojin hana maguɗi. Fortnite da Valorant da EA Sports FC ba sa aiki a Linux, kuma ba Heroic ko Lutris da za ta canza hakan. Idan ƙwallon EA ce babban wasanka, ka zauna a Windows.

Abokina ya saya a Steam, ni a Epic. Za mu iya bugawa tare? Ci gaban da na yi a wasa zai bi ni?

Ya danganta da wasan, ba da manhajar haɗawa ba. Wasannin da ke da nasu asusun, irin su Rocket League da Call of Duty, suna haɗa kowa ko daga ina ya saya. A 2022 Epic ya ba masu yin wasanni kayan aikin haɗa abokan Steam da na Epic, amma sai mai wasan ya ga damar amfani da su. Kafin ku biya kuɗi, ku duba shafin wasan ku tabbatar.

Ci gaba ma haka ne. Cyberpunk 2077 da Baldur's Gate 3 suna ɗaukar ajiyarka daga kanti zuwa kanti ta asusun kamfanoninsu. A sauran wasanni sai dai ka kwafe fayil ɗin ajiyar da hannu, wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Shafin PCGamingWiki yana nuna inda kowane wasa ke ɓoye ajiyarsa, kuma akwai ƙaramar manhaja mai suna Ludusavi da ake jonawa da Playnite ta riƙa adana kwafin ajiyar duk lokacin da ka rufe wasa. Ga wanda wuta kan ɗauke masa yana tsakiyar wasa, wannan ta cancanci mintunan da za a ɓata wajen saita ta.

Ba zai fi sauƙi ba a ce kanti ɗaya ne kawai a duniya?

Zai fi sauƙi, amma ba na fatan hakan. Gasar nan da ke ba mu ciwon kai ita ce ta sa Epic ke raba wasa kyauta kowane mako, har ya raba GTA V a Mayun 2020 jama'a suka yi masa cincirindo shafin ya tsaya cak. Ga matashin da ke Kano ko Zinder, wanda sayen wasa da dala ke masa wuya, waɗannan kyaututtukan hanya ce ta tara wasanni na halal ba tare da komawa ga waɗanda aka fasa ba, masu zuwa da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Gasar ce kuma ta bar wa GOG wurin tsayawa da tsarinta na rashin makulli. Ita kanta Valve tana fuskantar ƙara a kotun Amurka tun 2021, wadda kamfanin Wolfire ya shigar yana zargin ta da amfani da girmanta wajen hana farashi sauka a wasu kantuna.

Abin da ya rage a gyara a hannun kamfanonin yake: su buɗe hanyoyi na hukuma da manhajoji irin su Playnite da Galaxy za su riƙa karanta laburaren mutum ba tare da haɗin yana tsinkewa ba, su daina tilasta manhaja ta biyu a kan wasan mutum ɗaya, kuma su bar lasisi ya bi mai shi daga kanti zuwa kanti. Na farkon Microsoft da Epic sun nuna yana yiwuwa tun da suka ba Galaxy haɗi na hukuma. Na ukun kuwa, babu babban kantin da ya amince da shi har yanzu.